Layin Kwalli a Jikin Fokilif

A Dungas, cikin ƙasar Nijar, na fara sanin mun bar gida. Ba iyaka ce ta nuna min ba, don wanda ya zauna Maigatari ya saba da mutanen Nijar kamar 'yan unguwarsu, tare muke cin kasuwa duk Alhamis. Wata mai ƙosai ce a bakin tasha. Na je roƙon ruwan zafi zan gasa wa maigidana ƙafa, ta dubi goyona, ta dubi sandunansa biyu da ya jingine a jikin benci, ta ce, "Ke 'yar nan, ina za ki da gurgu da jinjiri?" A gida babu wanda ya taɓa kiransa da wannan suna a gabana. Na ce mata Damagaram za mu. Ta zuba min ruwan a kwano, ta ƙunsa ƙosai a takarda ta ce in kai masa. Na karɓa ina godiya, amma sunan nan sai da ya biyo ni har cikin mota.

Sunana Sa'a. 'Yar Sule Tankarkar ce ni, aure ya kai ni Maigatari. Maigidana mutumin Gagarawa ne, Baban Nana nake ce masa. A siton Alhaji Ilu muke aiki mu biyu. Ni ina cikin matan da ke zama a tabarma suna tsince zoɓo, mu fitar da tsakuwa da kara kafin a ɗura a buhu. Shi kuma shi ke tuƙa fokilif, 'yar motar nan mai yatsun ƙarfe biyu a gaba, wadda ke cusa su ƙarƙashin katakon kaya ta ɗaga buhuna sama ta jera a tirela. Mu mata Cokali muke ce mata.

Wata bakwai kafin wannan tafiya Cokalin ta sauke masa kaya a ƙafa. Ya ɗaga buhuna, ya sauko zai gyara wani da ya karkace, sai yatsun suka zame ƙasa gaba ɗaya. Aka kai shi asibiti a Gumel, daga baya aka wuce da shi wurin mai ɗori a Gagarawa. Ƙashin ya haɗu, amma ƙafar ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai, ga kuma wani miki a idon sawu da ya ƙi rufewa. Motar kuwa Alhaji ya sayar wa 'yan gwangwan.

Da damina ta ɗauke, zoɓo ya fara ja a gonaki, Alhaji ya kira shi ya ce wani dillali ya turo masa hoton wata fokilif a Damagaram. Ya je ya duba. In ya ce mai kyau ce za a saya, shi zai ci gaba da tuƙa ta. In kuwa ba a samu ba kafin sabon zoɓo ya shigo, za a yi hayar wata daga Kano, kuma masu haya da direbansu suke zuwa. Ba sai an yi mana bayanin abin da hakan ke nufi ba. To Baban Nana ba ya iya durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin mota, ba ya iya wanke mikin da kansa. Ya ce min, "Ke za ki zama gwiwata." Na kai Nana wurin Inna a Sule Tankarkar, shekararta huɗu, na goya Sadiku mai wata biyar.

A Damagaram dillalin ya tare mu. Lawali sunansa, siriri, tabarau a goshi, waya biyu a hannu. Duk maganar da ya gama sai ya ce "wala," wata kalmarsu ce ta Faransanci, kamar mu mu ce shi ke nan. Ya karɓi jakarmu, ya kai mu wurin mai shayi, ya yi wa Sadiku wasa har ya yi dariya. Baban Nana ya ce, "To Malam Lawali, ina motar?" Ya ce, yana kiransa da "Mushe," wato Malam a Faransanci, "Tana nan kusa, Mushe. Ku huta tukuna, wala." Muka huta har la'asar. Muka kwana a zauren wani mai sayar da goro ɗan Gumel, matarsa ta riƙa tambayata gidajen da ta bari shekara goma da suka wuce, ko wance na nan, ko an rushe kaza. Rabin waɗanda ta lissafa ban san su ba, amma na riƙa cewa suna nan lafiya, don na ga abin da take son ji ke nan.

Da safe Lawali ya dawo yana sosa ƙeya. Ashe kusan nan da yake faɗi Agadas ce. Wai mai motar bai samu ya kawo ta ba. Na tambayi matar mai goro ina ne Agadas, ta kama haɓa ta ce, "Wuni guda cur a mota, in Allah ya taimake ku." Baban Nana ya kira Alhaji. Ina jin muryar Alhajin ta waya yana ce masa, "Habu, tunda kun riga kun fita, ku ƙarasa mana." Na so in ce mu koma. Na dubi fuskar maigidana na haɗiye maganar.

A tasha wani ɗan kamasho ya rantse mana da Allah cewa kujerar bakin ƙofa ta Baban Nana ce, inda zai miƙe ƙafa. Da aka zo shiga, sai ga mu a layin ƙarshe, tsakanin buhunan albasa da jarkoki. Na leƙa ta taga neman ɗan kamashon, ya ɓace. Lawali kuwa yana gaba kusa da direba, ya sauke tabaransa kan hanci, ko waiwayowa bai yi ba.

Ban taɓa sanin ƙasa tana ƙarewa a hankali ba. Da farko gonakin gero irin namu, sai bishiyoyi suka fara gajarta, sai suka fara nisa da juna, sai gonakin suka daina. Ni da na tashi ina ganin karan gero ko ta ina na juya, sai ga ni ina kallon fili har inda ido ya gaji. Jandarmomi suka tsayar da mu sau uku, a sauko, a nuna kati, a koma. Kowace saukowa sai na ga gumi ya karyo wa Baban Nana. Sadiku ya yi ta kuka. Na ba shi nono ya ja ya saki, ya ja ya saki, tsoro ya kama ni ko ruwan ne ke ƙafewa.

Kusa da ni akwai wata tsohuwa Buzuwa, shunin mayafinta ya rine mata yatsu. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin yarensu. Ta miƙo hannu ta karɓi Sadiku ba tare da ta tambaye ni ba, ta jiƙa gefen zanina da ruwan gorarta ta lulluɓa masa. Ta kwance wani ƙulli ta ba ni dabino da cuku, ta nuna bakina, ta nuna ƙirjina. Na ci. Sannan ta jawo ƙunshin kayanta ta tura ƙarƙashin ƙafar Baban Nana, ta ɗaga ƙafar da hannunta ta ɗora a kai kamar ta ɗanta. Shi da ba ya son kowa ya taɓa ƙafar, sai na ga ya rufe ido ya yi ajiyar zuciya.

A Tanut aka tsaya sallah. Na samu layi na kira Inna. Ta ce Nana lafiya lau, ta ci tuwo, tana bin awaki. Na ce a ba ta wayar. Na ji Inna tana lallashi, sannan ta ce, "Wai ba ta magana da ke sai kin dawo." Inna tana dariya. Ni ma na yi dariyar, na kashe wayar, na juya wa mutane baya na ɗan jima.

Bayan Tanut da nisa tsohuwar nan ta buga jikin mota aka tsaya mata. Na duba gabas na duba yamma, babu gida, babu rijiya, babu ko akuya. Ta zare kayanta a hankali daga ƙarƙashin ƙafar, ta maye gurbinsu da buhun albasa, ta shafa kan Sadiku ta sauka. Na bi ta da kallo tana tafiya cikin filin nan kamar mai zuwa gidan maƙwabta, har ta zama ɗan ɗigo. Ko sunanta ban sani ba.

A wannan hanyar ne abin da nake ɓoyewa ya dame ni, don babu abin kallo da zai ɗauke min hankali. Tsohuwar Cokalin da ta karya maigidana, na ga ciwonta tun kafin ranar. Wajen wata biyu ina gani. Idan aka kira azahar maza sukan bar kaya a sama su tafi masallaci. Daga inda nake zaune, gindin katakon yakan yi daidai da bakin tagar sito. Kafin su dawo sai in ga ya sauka ƙasa da tagar, ba wanda ya taɓa motar. Na gaya wa Yaha, matar da ke tsince kusa da ni. Ta ce, "Ke dai tsinci zoɓonki, masu mota sun san motarsu." Na ga gaskiyarta. Ni da na tsaya aji huɗu, me na sani game da inji? Na yi shiru, ko a gida ban ɗaga maganar ba. Ranar da aka fito da shi ana salati, tagar nan na fara kallo. Wata bakwai ina wanke mikin nan safe da yamma, ban taɓa iya gaya masa ba.

Mun shiga Agadas da magariba, gari ja, gidajen ƙasa, ga hasumiyar masallacinsu tana tsaye sama da komai. Lawali ya ce gobe da hantsi za mu je garejin. Baban Nana ya ce a'a, da an idar da asuba. Ya ce min, "Inji mai ciwo da safe yake nunawa, kafin ya ɗau zafi. In ya yi gardamar tashi ko ya yi hayaƙi, lokacin za a gani." Lawali ya ce ba komi, ya koma gefe yana danna waya.

Garejin wani babban fili ne mai katanga, cike da matattun manyan motoci. Mai wurin ƙato ne mai rawani, ya gaisa da maza, ni ya ɗaga min kai. A tsakiyar filin take tsaye. Rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, har tayoyin an goge su sun yi baƙi sumul. Na dubi Baban Nana. Rabon da in ga fuskarsa haka tun ranar sunan Nana. Ya miƙo min sandunan, ya kama ƙarfe, na tallafe shi ya hau. Wajen tallafar ne hannuna ya sauka a kan murfin da ke ƙarƙashin kujera, inda injin yake. Da ɗumi, kamar jikin yaron da ya tashi daga barci. Alhali ƙofar garejin da na taɓa muna shigowa sanyi ƙalau take.

Na ce a hankali, "Baban Nana, da ɗumi fa."

Ya ce, "Na ji." Bai dube ni ba. Ya murɗa makulli ta tashi nan take.

Ya zaga filin da ita sau biyu. Ya taka burki, ya yi baya, ya murza sitiyari ta juya a wuri ɗaya, ya danna hon. Ma'aikatan garejin suka fito suna kallo. Lawali yana tafi yana cewa, "Wala! Ka ga direba! Mushe, wannan mota kai take jira." Baban Nana yana murmushi, ya ce, "Sa'a, leƙa min ƙasa. Dubi tayoyin ko da tsaga, dubi tiyo-tiyon nan ko akwai mai jiƙe." Na gyara goyona na durƙusa. Tayoyi lafiya. Tiyo duk an goge su tas, babu ko ƙura.

Amma da na miƙe, idona ya kai wurin da motar ta kwana. Ƙasar filin ja ce, wurin nan kuwa farin yashi ne sabo, har da sawun tsintsiya. Duk macen da ta taɓa ɓarar da manja a tsakar gida ta san dalilin da ke sa a zuba sabon yashi a wuri ɗaya. Na je na tona da yatsan ƙafa. Baƙi ne a ƙasa, da danshi.

Lawali ya ce, "Madam, zinariya kike nema?"

Na ce, "A'a, ƙaya ce ta soke ni."

Na koma wurin yatsun. Tun ina yarinya nake bin Inna kasuwar Sule Tankarkar, kuma ba ta taɓa sayen tukunya ko randa ba tare da ta ƙwanƙwasa ba. Takan ɗaga ta kusa da kunne ta buga da bayan yatsa. Mai lafiya tana amsawa da doguwar murya, mai tsaga kuwa muryarta a taƙaice take, ko da an shafe tsagar ido ba ya gani. In ta kawo gida ma ba ta yarda ba tukuna, sai ta cika ta da ruwa ta ajiye, ta zo ta duba gindin. Ban san ko ƙarfe yana bin wannan ƙa'ida ba. Na dai tsinci wani guntun ƙarfe a ƙasa na buga yatsan dama. Ya yi ƙara mai tsawo, har ina jinta a haƙorana. Na buga na hagu, ya ce ƙwas, ya yi shiru. Na sake bugawa. A daidai inda ya lanƙwasa, fentin ya fi kauri, ya yi tudu kamar tabon ƙuna.

Mai garejin ya yi dariya ya ce da Hausarsa mai nauyi, "A Najeriya mata ke sayen mota?" Ma'aikatansa suka taya shi.

Baban Nana ya ce, "Sa'a, ya isa haka." Na ajiye ƙarfen na koma jikin katanga.

Aka kawo katako aka jera masa buhunan siminti. Ya cusa yatsun, ya ja hannun ɗagawa, kaya suka tashi sumul har sama da kan mutum. Ko tangarɗa babu. Kafin su gama tsayawa mai garejin ya fara kaɗa hannu yana cewa, "Sauke, sauke, ka gani ai. Zo ga shayi." Wani tsoho mai gadi ya riga ya hura gawayi a inuwa, ya shimfiɗa tabarma. Na ga Baban Nana ya kai hannu ɗaya zai sauke, ɗaya hannun yana laluben waya a aljihu. Alhaji zai kira.

Sadiku ya motsa a bayana. Na tuna murmushin da yake yi yanzun nan. Na tuna cewa in babu motar nan babu aikinsa. Na tuna kuma inda tabarmata take a sito, taku shida daga hanyar da Cokali ke bi, da Sadiku kwance a gefena. Ban san lokacin da muryata ta fita ba, kuma da ƙarfi ta fita, kowa ya ji.

"Baban Nana, ka bar kayan a sama. Ka kashe injin, a sha shayin tukuna."

Kowa a filin ya juyo yana kallona. Ban taɓa yi masa magana haka a gaban maza ba. Ya dube ni ya daɗe, na kasa gane ko fushi ne ko mene ne. Lawali ya fara cewa, "Haba Madam, ai ba a barin…" Sai Baban Nana ya janye hannunsa, ya murɗa makulli, injin ya mutu.

Gaban fokilif kamar tsani biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya. Na wajen a tsaye yake, na cikin shi ke hawa da sauka da kaya. Na buɗe jakar Sadiku na ɗauko ɗan tandun kwallin da nake sa masa, na tsoma tsinken. Na tsaya daga gefe, ban shiga ƙarƙashin kayan ba, na ja layi ɗaya baƙi ya ratsa ƙarfen waje da na ciki. A kan rawayan fenti ya fito sosai. Na taimaka wa maigidana ya sauko, na koma jikin katanga na kwance goyo na ba Sadiku nono.

Mutanen can shayinsu sau uku ake zubawa, kuma ba a gaggawarsa. Tsohon ya dafa, ya ɗaga buta sama ya tsiyaya, ya mayar, ya sake tsiyayawa har kumfa ta tashi. Maza suka sha na farko. Na dubi layin, ya rabu da kaurin zare. Na ce wa kaina ƙila hannuna ne ya karkace. Mai garejin ya ɗaga murya yana ba da labarin wata mota da ya taɓa sayarwa har Libiya. Aka zuba na biyu. Layin ciki ya sauka da faɗin yatsa guda. Ba ƙara, ba motsi, in ba ka sa alama ba ba za ka taɓa cewa wani abu na faruwa ba. Kafin a wanke kofuna a zuba na uku, wani ɗigon mai ya gangaro daga jikin ƙarfen ya faɗi a ƙasa, wani ya biyo shi.

Lawali ya matsa kusa da Baban Nana yana magana ƙasa-ƙasa, amma iska ta kawo min. "Mushe, kowace mota tana ɗan yin haka. Roba ce kawai, a can gida a canza. Kai dai ka ce ta yi. Ka koma bakin aikinka, ni ma in samu nawa, wala. Wa zai sani?"

Baban Nana ya shanye kofi na uku, ya ajiye, ya ce a miƙo masa sandunansa. Ya tako har wurin layin, ya ɗora hannu ya auna. Yatsu huɗu. Ya sa aka kama shi ya hau, ya sauke kayan, ya zare yatsun daga katakon. Sannan ya sauko ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafar nan a gaban kowa, ya kankare tudun fentin da makullin ɗakinmu. Walda ce a ƙasa, kuma wata siririyar tsaga ta riga ta fito daga gefenta.

A nan zaune ya kira Alhaji. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ta yi ba. Tana sakin kaya, kuma yatsa ɗaya a karye yake an ɗinke." Na ji Alhaji yana cewa, "Har Agadas, Habu? Ka tabbata? Ka san fa abin da zai biyo baya." Ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Ba ta yi ba."

Mai garejin ya shige ofishinsa ya rufo ƙofa. Lawali ya ce bari ya amsa waya a waje, daga nan ba mu sake ganinsa ba. Muna haɗa kaya sai tsohon mai gadin ya zo inda nake, riƙe da ɗan kofi. Duk zaman nan ba wanda ya miƙo min shayi. Ya ba ni, ya tsaya har na shanye, sannan ya nuna idonsa ya nuna nawa ya gyaɗa kai. Shi ya raka mu bakin titi, ya tsayar mana da mai keke, ya gaya masa tashar da zai kai mu.

Washegari muka kamo hanya. Tun daga Agadas Baban Nana bai ce min komai ba in ban da miƙo ruwa. Yana kallon taga, ni ina kallon ƙeyarsa, ina cewa a raina na raba shi da abin da ya fi so, kuma na kunyata shi a gaban baƙi. Da muka tsaya a Tanut na samo ruwan zafi, na zaunar da shi a gindin wata katanga na kwance bandejin. Kaina a sunkuye, shi ya sa na iya. Na gaya masa komai, tagar sito, da azahar, da abin da Yaha ta ce, da wata biyun da na yi ina kallo.

Na gama matse tsumman. Sannan ya ce, "Wata uku ne, ba biyu ba."

Na ɗago.

Ya ce, "Ni da nake kanta kullum, kina tsammani ban sani ba? Tsoro na ji. Na ce in na faɗa Alhaji zai ajiye motar, ya ajiye ni tare da ita." Ya dubi ƙafar. "Jiya ma tun da kika ce da ɗumi na gane. Wallahi Sa'a, da kin yi shiru da na saye ta."

Na naɗe bandejin, na ɗaure, na zubar da ruwan. Da muka koma mota ya karɓi Sadiku ya ɗora a cinyarsa mai lafiya, ya ce in ɗan runtsa.

Nana sai da ta kwana biyu kafin ta kula ni. Ta riƙa ɓuya a bayan Inna tana leƙo ni, a rana ta uku ta zo ta zauna a cinyata kamar ba abin da ya faru, ta ce me na kawo mata. Sauran dabinon tsohuwar nan na ba ta.

Alhaji ya yi yadda ya ce. Mako biyu bayan dawowarmu aka sauke wata fokilif daga Kano, da direbanta. Baban Nana aka mayar da shi wurin sikeli, yana zaune a kan kujera yana auna buhuna yana sa musu lamba. Ba ya ƙorafi. Amma duk lokacin da aka tayar da injin nakan ga ya juya kai yana gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

Ranar da motar ta fara aiki, direban ya ɗaga kayan farko zai nufi tirela, sai na ji muryar Baban Nana daga wurin sikeli. "Ɗan'uwa, dakata. Bar su a sama ka kashe." Sannan ya juyo wajen tabarmin mata ya ce, "Sa'a, kawo kwallin." Direban ya yi dariya ya ce shi a Kano bai taɓa ganin an yi wa mota kwalliya ba. Alhaji yana tsaye a ƙofar sito, ya ce, "Bar ta ta yi." Na tashi, mata goma sha wani abu suna kallona, na je na ja layin. Maza suka tafi azahar suka dawo. Layin yana nan a haɗe yadda na ja shi.

Tun daga ranar duk Asabar nake sake ja, don kwalli yana gogewa. Wani lokaci in goyo ya hana ni barci nakan zo aiki na manta. Sai Yaha ta zungure ni da gwiwar hannu, ba tare da ta ɗago daga zoɓonta ba, ta ce, "Ke Sa'a, kin duba layinki yau?" In ban duba ba sai in karkaɗe zanina in tashi.